Da tsohuwar zuma ake magani: a buɗe wa kakanni ƙofar jardan

Ranar wata Talata cikin watan Nuwamban bara aiki ya riƙe ni, sai na roƙi mahaifiyata ta raka mini autana jardan. Shekarunsa huɗu. Inna ta haura saba'in, amma da sauran ƙarfi a ƙafarta, makarantar kuma ba nisa. Da suka isa yaron ya kama gefen zanenta yana ja, yana so ya nuna mata kujerarsa da hoton raƙumin da ya shafa wa launi. Mai gadi ya tare ta, ya ce doka ce, iyaye a bakin ƙofa suke tsayawa. Ta ce masa, "Ɗana, ai ni kaka ce." Ya ce, "Hajiya, ko uwar da ta haife shi nan take tsayawa." Ta juyo gida.

Ban ga laifin mai gadi ba, abin da aka sa shi ya yi. Abin da ya tsaya mini a rai bayan sallar isha'i ya faru. Inna ta shimfiɗa tabarma ta soma wa yaron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kamar yadda ta saba. Bai bari ta yi nisa ba ya ce, "Kaka, ke ba ki iya magana ba. A lakwal an ce wanda bai iya Faransanci ba bai iya magana ba." Ko haka aka faɗa masa, ko shi ya juya zancen, oho. Inna ta yi dariya ta ce, "To maigida, tunda ka yi sabuwar amarya mai Faransanci, sai ka ba ni takardata." Muka yi dariya duka. Amma ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, washegari ma ba ta ɗauko wata ba.

Ni malamar makaranta ce. Shekara 22 ke nan da na fito ekol normal, 14 daga ciki a ajin CI na yi su. Ni ce ke karɓar yaran da jardan ta sallamo, da waɗanda ba su taɓa ganin ƙofarta ba. Da wannan bakin nake cewa mun yi kuskure da muka gina makarantun ƙananan yara muka bar tsofaffi a waje. Ya kamata kowace jardan a ƙasar nan, ta gwamnati da ta kuɗi, ta ba kakanni wuri a tsarin darasinta, da rana da lokaci, kamar yadda ta ba waƙa da motsa jiki.

Ga abin da nake gani kowane watan Oktoba. Akwai gwajin da nake yi wa sabbin ɗalibai a makon farko, wanda ba ya cikin wani littafi. Nakan zaunar da yaro in ce masa da Hausa, "Ba ni labarin abin da ya faru a gidanku jiya." Wani yaron, wanda iyayensa suka biya masa jardan shekara biyu, zai ƙirga mini 1 zuwa 50 da Faransanci, ya jero kwanakin mako, ya rera waƙar da bai san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba. Labarin jiya kuwa, sai "mun ci tuwo", shi ke nan. In na ce, "Sai me ya faru?" ya yi ta dubana. Wata yarinyar ko riƙon alli ba ta iya ba, amma za ta ce mini akuyarsu ta tsinke igiya, ta faɗa gidan maƙwabta, ta ɓarar da gumba, shi ya sa aka yi faɗa, da dare kuma aka je aka ba da haƙuri. Ta san inda labari ya soma, ta san dalili, ta san inda ya ƙare. In na bincika, sau da yawa sai in tarar akwai tsohuwa a gidansu.

Zuwa ƙarshen CP, irin wannan yarinya ce ke karatu tana gane abin da take karantawa. Karatu ƙafa biyu gare shi, gane baƙi da gane zance. Baƙi cikin watanni ake koyar da shi. Gane zance shekaru yake ci, kuma a bakin mutane ake samunsa tun yaro bai san allo ba. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe 10 masu aiki da Faransanci, yaran Nijar da ke gab da gama firamare waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. Dalilan suna da yawa, kowa ya san su: cunkoson aji, rashin littattafai, yajin aiki, malaman da aka jefa aji ba isasshen horo. Akwai dalili guda da ban taɓa jin an ɗauko shi a taron malamai ba. Yara suna zuwa mana ba wanda ya taɓa zama ya yi doguwar hira da su, a kowane harshe.

Wani zai ce ai wannan aikin uwa ne da uba. A ƙasar Hausa ba haka aka raba aikin ba. Tarbiyyarmu ta ɗora wa iyaye kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Uba in ya yi sallama yara nutsuwa suke yi. Maganar iyaye da ƙaramin yaro galibi umarni ce: zo, tafi, bari, kawo. Al'adar da ta ɗaure bakin iyaye ita ta kwance na kakanni. Tsohuwa ta kira jikanta mijinta, jikarta kuma kishiyarta. Tsoho ya kira jikarsa amaryarsa. Su tsokani yaro ya rama, su ƙaryata shi ya kare kansa, ba mai cewa ya yi rashin kunya. In lokacin yaye ya yi, ɗakin kaka ake kai shi. Tun kaka da kakanni mun san wanda muka ba aikin buɗe bakin yaro.

Ku dubi kayan aikinta da idon malami. Tatsuniya tana koya wa yaro jeranta abu da abu, da jira har mai magana ya kai aya, da hasashen abin da zai biyo baya. Kacici-kacici yana koya masa kwatanta abu biyu da ba su yi kama a ido ba. Zantukan karya harshe suna gyara masa furuci, su sa kunnensa ya bambanta ka da ƙa, da da ɗa, abin da nake shan wahalarsa a CI. Ga sunayen itatuwa, gawo da aduwa da magarya da kalgo, ga sunayen tsuntsaye, ga wane ya haifi wane. Duk waɗannan an koya mana su a horon malanta da manyan sunaye, aka ce su ne harsashin karatu. Mai su tana zaune a gida, mun ajiye ta gaban tele.

Ƙasashen da suka riga mu raba yara da tsofaffi sun ɗanɗana kuɗarsu, yanzu kuɗi suke kashewa don su maida su wuri guda. A Tokiyo ta Japan akwai wani gida da ake kira Kotoen, a unguwar Edogawa, inda tun 1976 aka haɗa gidan tsofaffi da gidan rainon yara a fili ɗaya. Da safe tare suke motsa jiki. A birnin Siyatil na Amurka, gidan tsofaffi na Providence Mount St. Vincent, mai mazauna kimanin 400, ya buɗe makarantar ƙananan yara a cikin gininsa a 1991. Kwana biyar a mako yaran suna cuɗanya da tsofaffin, su yi waƙa, su yi zane, su ci abinci, a ba juna labari. A Landan ta Ingila an buɗe irinta a 2017 cikin gidan tsofaffi na Nightingale House. Abin da masu aiki a waɗannan wurare suka fi faɗa shi ne, tsohon da ya daina magana yakan soma magana, wanda ba ya son tashi daga kujera yakan tashi don yaro ya ja hannunsa, yara kuma sukan saba da mai sanda da mai rawar hannu da wanda sai an maimaita masa zance sau uku.

Abin lura a wurinsu shi ne ba sakin yara suke yi cikin tsofaffi su ce Allah ya kiyaye ba. Akwai ma'aikatan da aka horar, akwai lokaci, akwai aikin da aka shirya, wanda ba ya so kuma ba a tilasta masa. Wannan tsarin ne nake so mu ara. Gidan tsofaffin su riƙe abinsu.

A nan ne nake rabuwa da wasu ƴan uwana. Duk lokacin da aka kawo irin wannan labari sai ka ji an ce, "Allah sarki Turawa, mu ai tun fil azal haka muke, ba mu da gidan ajiye tsofaffi." Daɗin baki ne, kuma shi ke sa mu barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku zagaya gidajen ma'aikata a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai da ƙarfe goma na safe ku ga wa ke riƙe da ƙananan yara. Gidan haya ne ciki da falo, mata da miji duk sun fita nema. Kaka tana ƙauye, sai da salla ake ganinta. In ma tana gidan, an ba ta ɗakin baya da tele, an ce ta huta, surukarta ba ta son ta sa baki a rainon yara. Yaro ɗan shekara biyu an danƙa masa waya don ya yi shiru. Waya tana magana, amma ba ta taɓa tambayar yaro, "Sai kuma me Gizo ya yi?" ta jira ya amsa ba.

Sauran aikin kuma yana wuyan ƴar raino. Ba zan nuna kowa da yatsa ba, ni ma na yi. Da na haifi ɗana na biyu na ɗauko yarinya ƴar shekara 10 daga ƙauyen mijina. Shekara uku tana goye da shi. Kowace safiya nakan bar ta a gida in tafi in koyar da ƴaƴan wasu. Ba ta taɓa zama a aji ba, yau tana ɗakin miji ba ta iya rubuta sunanta ba. A lokacin Inna tana nan da ƙarfinta, amma na ga kamar ɗauko ta ci baya ne, wai ni mai boko. Wannan alhaki yana kaina. Malamai mata nawa ne za su iya rantsuwa ba su yi irinsa ba?

A ƙauye kuma matsalar ta juya baya. Can kaka ba kaɗaici ke damunta ba, kaya ne ya yi mata yawa. Samari sun tafi cin rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya ko Kodebuwa, wasu matan ma sun bi hanya. An bar tsohuwa da jikoki biyar ko bakwai, ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce neman abin miya. Wadda ta wuni haka ba ta da bakin tatsuniya da dare. In ta gaza, ƴar babbar cikin jikokin ce ke barin lakwal ta goyi ƙaninta. Duk malamin da ya yi aiki a karkara ya san yarinyar da ke shigowa aji da goyo, ko ta ɓace daga rajista cikin watan Janairu. Wannan ne muke wa kirari da cewa mu mun riƙe zumunci?

Ga kuma lissafi. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su wuce 3 cikin 100 ba. Japan tsofaffi ne suka yi mata yawa, yara suka yi ƙaranci. Mu yara ne birjik, tsofaffi ƴan kaɗan. Ba kowane gida ke da kaka ba, ba kowace kaka ke da lafiya ko baki ba. Abin da ya yi ƙaranci a gari kuwa, wuri ake nema inda kowa zai samu rabonsa, kamar rijiya. Tsohuwa guda mai iya labari, in ta zauna a gidan ɗanta, yara uku za su amfana. In ta zo jardan sau biyu a mako, yara talatin ne.

Na tattauna wannan magana da direktoci da abokan aiki, na kuma ji abin da suke tsoro. Ba duka ne banza ba.

Na farko, sun ce tsofaffi su ne masu riƙe da al'adun da likita ke yaƙa. Gaskiya ne. Tsohuwa ce ke cewa a matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin jariri na farko. Ita ke ɗura wa jinjiri ruwa ko jiƙo, alhali shawarar masana lafiya ita ce nono zalla har wata 6. Ita ke kiran wanzami ya cire beli. To amma ku tambayi kanku, shekara nawa aka yi ana tara ƴan mata masu jego a gidan likita ana yi musu bayani, su koma gida uwar miji ta ce a'a, kuma maganarta ce ke tsayawa? Wanda ke da iko a ɗaki, in ba ka jawo shi ba, aikinka a bakin ƙofa zai tsaya. A Senegal, ƙungiyar Grandmother Project da Judi Aubel ta kafa ta gwada ɗaya hanyar. Maimakon a zagaye kakanni, aka zauna da su, aka yaba abin da suka iya, aka tattauna abin da ke cutarwa, har su da kansu suka koma masu ba surukansu sabuwar shawara. A yankin Velingara da ke kudancin ƙasar har aji ake gayyatarsu. A Gambiya kuma, binciken da Rebecca Sear da Ruth Mace suka buga a 2000, bisa bayanan da aka daɗe ana tarawa a wasu ƙauyuka, ya nuna yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun girman jiki da tsira daga mutuwar ƙuruciya. Mutumin da ke da irin wannan tasiri, wauta ce a rufe masa ƙofa.

Na biyu, lafiya da tsaron yara. Wannan ba abin wasa ba ne. Tsoho mai tsohon tari yana iya ɗauke da tarin fuka, yaro mai mura kuma yana iya kwantar da tsohuwa. Furfura kuma ba shaidar hali ba ce, akwai tsohon banza. Maganin wannan doka ce: a duba lafiyar kowa a gidan likita kafin ya fara, mai zazzaɓi ko tari ya zauna gida ko yaro ne ko babba, kada a bar baƙo shi kaɗai da yaro ko na minti ɗaya, ba duka, ba zagi, ba aike. Dokar da ta dace ke nan da kowane babba mai shiga makaranta, har da mu malamai.

Na uku, masu jardan na kuɗi sun ce iyaye Faransanci suke biya, in suka ji ana tatsuniya da Hausa za su kwashe yaransu. Iyaye, da ku nake. Ni na yi zamanin da ake rataya wa yaro sambol a wuya don ya yi harshen uwarsa a filin makaranta. Bai sa mun fi iya Faransanci ba, ya dai koya mana yin shiru. Yaron da ya iya jera labari da Hausa, kalmomi kawai zai sauya ya jera shi da Faransanci. Wanda bai iya da ko ɗaya ba, aku kuka biya aka yi muku. Wannan ba sabon zance ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yunin 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. A takarda an gama magana. Abin kunya ne a ce har yau akwai ajin da ɗan shekara huɗu zai fito daga ciki yana ganin kakarsa ba ta iya magana ba.

Na huɗu shi ne wanda ni kaina nake tsoro. Kada wani mai ofis ya karanta wannan ya ce an samo hanya mai arha, a tara yara gindin bishiya a ba tsohuwa, a ce an buɗe jardan. Tsohuwa ba ta maye gurbin malama mai horo, ba ta maye gurbin bulo da kwano. Ba mu manta ba, a watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, akasarinsu ƙanana. A watan Nuwamba na shekarar irin haka ta faru a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Allah ya jiƙansu. Gina aji da biyan malami nauyin hukuma ne, yana nan a kanta. Kuma duk wanda zai kira tsohuwa aiki ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta bar ƙullin gyaɗarta ko ƙosanta ta zo, dole a saka mata.

Ba a baki kawai na tsaya ba. Bayan abin da ya faru da Inna na nemi izinin direktanmu, na yi magana da shugabar ƙungiyar iyaye mata ta makarantarmu, muka samu tsofaffi huɗu a unguwa: mata uku da wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin mota. Ranar Talata da Alhamis, minti 40 kafin a fita shan iska, nakan raba ajin gida huɗu a kan tabarmi. Ba duka ya tafi daidai ba. Dattijon ranar farko da tsumagiya ya zo, ya kuma ɓata lokacinsa duka yana yi wa ƴan shekara shida nasiha kan lalacewar zamani. Wata gwaggo ta ba da labarin Dodo har yarinya ɗaya ta yi fitsari a zaune, uwarta ta zo mini da faɗa, kuma tana da gaskiya. Sai da muka zauna muka yi shiri. Na ce musu labari ya zama gajere, a riƙa tsayawa ana tambayar yara, a bar su su maimaita da bakinsu. Dattijon muka gano ashe ya san kowane gari daga Ƙonni zuwa Diffa, sai muka ba shi labarin hanya. Yanzu yara suna jero Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Tasawa, Damagaram kamar sun taɓa zuwa.

Ba ni da alƙaluman da zan nuna wa sufeto, aji ɗaya ne, shekara ɗaya. Abin da na gani da idona shi ne wani yaro da ya yi wata biyu bai ce uffan ba, ya buɗe baki don ya ƙaryata wata tsohuwa da ta ce kura ta fi zomo wayo. Na ga ƙarancin fashi ranar Talata da Alhamis. Na ga ɗaya daga cikin matan, wadda ƴaƴanta duka ke waje, ta soma ɗaura zanenta na fita tun da sassafe. Ta ce mini, "Ƴar nan, da sai in kwana biyu ban ji an kira ni ba. Yanzu ko kasuwa na ratsa sai kaka, kaka." In wannan ya yiwu da ƴan CI, a jardan ya fi dacewa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da nake nema ba ya bukatar taron bita a otal. Kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa, da yawa suna da ƙungiyar iyaye mata. Su suka san wace tsohuwa ce mai baki da haƙuri, wane tsoho ne ake yarda da shi. Su zaɓo uku ko huɗu. Kada a ce sai wanda ya yi boko, iya labari ake nema. A sa maza a ciki, domin yara da yawa suna tasowa uba yana can wajen nema. A unguwar da ke da Zabarmawa ko Fulani ko Buzaye ko Barebari, a ɗauko nasu tsofaffin su ma, yaro ya ji harshen gidansu ya shigo aji da mutunci, maƙwabcinsa kuma ya ji yadda wasu ke gaisuwa. A rubuta lokacin a jadawalin da ke manne a bango, don kada ya zama sai ranar da madam ta gaji. Malama ta zauna a wurin, ta tsinci kalmomin da suka fito ta gina darasin gobe a kansu. A yanka musu abin goro kowane wata, ko jaka biyu ko uku ne, daga asusun kwamiti ko na magajin gari. Jardan ta kuɗi da ke karɓar dubbai a hannun iyaye ba ta da uzuri ko kaɗan.

A karkara, inda galibi jardan ɗin ma babu, a fara da rumfa mai aminci kusa da makarantar firamare. Tsofaffi su riƙa karɓa-karɓa tare da mace guda da aka horar ake kuma biyanta, a samu kunun safe, don ƴan mata su sauke goyo su shiga aji, kakar da kaya ya yi wa yawa ita ma ta samu masu kama mata. Masu tsara horon malamai kuma su sa wannan a cikin abin da ake koya wa sabbin malamai: yadda ake aiki da babban da ya haife ka a cikin ajinka ba tare da ka raina shi ko ya ƙwace maka aji ba. Fasaha ce, ni da kuskure na koye ta.

Iyaye, kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunku. In za ku sa yaro jardan, bayan kun tambayi kuɗi da kalar yunifom, ku tambayi direkta, "Wace rana kakanni ke shigowa?" In mutum goma suka yi wannan tambaya a wata ɗaya, za a samo ranar. In akwai tsohuwa a gidanku, ku kashe tele bayan isha'i ku tura mata yaran. In tana ƙauye, hutun ƙarshen shekara ku kai su su kwana biyu, ƙurar ba za ta kashe su ba. Ƴan uwana mata, na san zama da uwar miji sai haƙuri, ni ma suruka ce. Amma rikicinmu da ita bai kai a hana yaro abin da ke bakinta ba.

Inna tana cikin mata ukun da ke zuwa ajina. Autana yana jin labari a wurin yaran unguwa cewa kakarsa ce mai Gizo, sai kishi ya kama shi. Wani dare ya jawo tabarma da kansa ya ce ta ƙarasa masa wadda ta bari. Ta ce, "Ni da ban iya magana ba?" Ya ce ai wasa yake yi. Ta ce sai ya biya ta sadaki sabo. Ya kawo mata dabino biyu.

Jardan ɗinsa har yau a bakin ƙofa take tsayar da ita. Na rubuta wa direktar takarda, na kai da hannuna, an ce za a duba. Inna shekarunta suna tafiya, irinta kuma kullum raguwa suke yi a unguwa. Allah ya ba mu ikon amfana da su tun suna tsakaninmu.